Jarkar Bakur da Jar Tuta

Na shiga wannan sana'a a shekarar da ruwan sama ya ci Jidda, ranar da alhazai ke fita Mina. Waɗanda suka rasu a wannan ruwa, Allah ya jiƙansu, ya sa shahada suka yi. Da yawa daga cikinku lokacin ba ku iya ɗaure tazugen wandonku ba, amma yau ku ne kuke zama a ƙofar shagona, kuna shan shayina, kuna jefa ƙwallon dabino cikin rabin jarkar nan da ke gefen keken ɗinki, kuna cewa, "Baba Iliya, ai kai ka huta. Aikinka zama a jirgi da kallon ruwa, sai ɗinka jan ƙyalle." To, tunda kun matsa in kai ku Abhur, can bakin teku, a sama muku aiki a jiragen masu nutso, ku gyara zama ku ji abin da ke cikin jan ƙyallen.

Kafin ruwan ni tela ne. Labule nake ɗinkawa da rigar kujerar mota, a wani ɗaki na ƙasa can gabashin gari, bayan babban titi. Da hantsi ruwa ya shigo, kafin in naɗe yadin da ke hannuna ya kai gwiwa, kafin in yanke shawarar abin da zan ɗauka ya kai ƙirji. Ni mutumin Damagaram ne, ruwan da na sani shi ne na buta da na randa. Na riƙe ƙarfen taga ina salati, sai ga maƙwabcina Bakur ya faso ƙofa. Sunansa Abubakar, amma a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo hajji da ƙafa daga ƙasar Kano, shi ya sa ake kiransa yadda mutanen Hijaz ke kira. Sana'arsa nutso ba tare da tulun iska ba: yana kankare gindin jirage, yana ciro anga, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi, idan ta maƙale a duwatsun murjani. Ya zo da jarkoki biyu na man girki, babu komai ciki, ya haɗa su da igiya, ya cusa min su a hammata, ya ce, "Saki tagar, ya shaikh, ba gadonka ba ce. Yalla, mu je!" Haka ya ja ni kamar akuya har matakalar wani bene.

Ku riƙe wannan, domin duk ciwon kan da zan ba ku labari daga nan ya taso. Mutum ya fitar da ni daga ruwa da jarka. Tun daga ranar, duk maganar da zan yi masa a kan jarka yana da amsarta a aljihu.

Kekena ya tafi, yadin mutane ya tafi. Na koma unguwar Sa'alaba wurin wani ɗan garinmu, ina kwana a tsakar ɗaki. Bakur ne ya sake zuwa ya ɗauke ni, ya kai ni Abhur wurin Rayyis Salim, direban wani jirgi da ke fita da masu nutso. Ya ce masa, "Ga tela. Bai iya ruwa ba, amma yana salla kuma ba ya sata." Rayyis ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo min wata yagaggiyar tuta ja mai farin layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ce in ɗinka irinta. Na ɗinka, har na yi mata kalmasa mai kyau. Ya ɗaura ta a sanda, ya kafa a bakin jirgi. Babu iska a ranar. Tutar ta kwanta jikin sanda kamar rigar da aka shanya.

"Wa zai ga wannan?" in ji shi.

Na ce ai iska ce babu.

"To ranar da babu iska mutanena su mutu ke nan?"

A nan na koyi abu na farko. Tutar mai nutso dole a zura mata waya mai ƙarfi a cikin ɗinkin, daga kusurwa zuwa kusurwa, ta tsaya a buɗe ko da ganye ba ya motsi. Kuma ba kowace waya ba, wadda gishiri ba ya ci. Na taɓa sa ta gini, kafin wata ya cika ta yi tsatsa ta ɓata farin layin, ta karye. Wannan jar tuta mai farin layi magana ce guda take yi wa duk direban da ya hango ta: akwai ɗan Adam a ƙarƙashin nan, rage gudu, yi nesa. Akwai kuma wata mai fari da shuɗi da ake ɗagawa a kan jirgin kansa, mai cewa jirgin nan yana da mutane a ruwa, ba zai iya kauce maka ba. Amma tuta ba ta tsayawa a kan ruwa ita kaɗai. Sai an kafa ta a kan abin da ke yawo a sama, wanda a nan muke kira awwama.

Wata safiya, ina sabo, Rayyis ya fita da ni mu biyu. Ya zubar da abubuwa a ruwa: farar jarka, shuɗiyar robar ruwa, wani koren ƙwallo, da awwama mai ruwan lemo. Ya ja jirgi muka yi nisa, ya kashe inji, ya ce, "Nuna min su." Teku tana ɗan tashi, kan kowace taguwa yana fari. Na nemi farar jarka na rasa, ko'ina fari ne. Shuɗiyar da koren kuwa kamar ba a taɓa halittarsu ba. Mai ruwan lemon kaɗai ke leƙowa tana ɓuya, tana leƙowa tana ɓuya. Ya ce, "Kai da ka san inda na jefa su ke nan, kuma a tsaye kake. To yaro mai gudu da jirgin ubansa, rana a idonsa, kiɗa a kunnensa fa?" Tun daga ranar na daina ganin launi a matsayin ado. Kuma wannan shi ne zaman da kuke cewa hutu: ido a kan ɗigo guda mai ruwan lemo daga hantsi har azahar, ba ka duba waya, ba ka juya ka amsa hira, ko salla sai Rayyis ya karɓe ka ka yi, sannan ka karɓe shi.

Da na fara gane aikin, wani mai shagon kayan nutso ya ba ni kusurwar nan da keke. Nan na san masu saye, Allah ya ba mu haƙuri da su. Wani ya zo daga unguwar Safa da mota mai kyau da 'ya'yansa, za su yi iyo da bututun numfashi a bakin murjani. Na ɗauko masa awwama mai dogon jiki mai tsinin baki, irin wadda ke bin mai iyo a baya ba tare da ta gajiyar da shi ba, da maɗaurai a gefe wanda yaro zai riƙe idan ya gaji, da dalma a ƙasa don kada iska ta kifar da tutar. Ya juya ta, ya ce ba ta dace da launin ƙungiyarsa ta ƙwallo ba, ko akwai kore? Na ce, "Ya ustaz, akwai kore, teku cike take da shi." Bai yi dariya ba. Ya tafi unguwar Bagdadiyya ya sayo wata ƙaramar roba ta wasan yara mai hoton agwagwa. Bayan sati ya dawo, ya ce iska ta ɗauke ta tun ranar farko, kuma masu gadin teku sun yi masa faɗa.

Wani kuma mai nutso da tulun iska ne, ya ƙware, amma yana son komai ƙarami don ya shiga aljihu. Su abin da suke ɗauka daban ne: wata zungureriyar jaka mai ruwan lemo, a naɗe, da kwarkwaron igiya. Idan za su taso, tun suna ƙasa sai su hura mata iska su sake ta, ta riga su fitowa ta tsaya a miƙe, jirgi ya san ga inda za su ɓullo. Shi ya zaɓi gajera wadda ba ta kai tsawon hannu ba. Na ce masa tekun nan da la'asar taguwarta ta fi wannan tsawo, ka ɗauki wadda ta kusa kai tsayinka, mai bakin da ke rufe kansa, don idan ta kwanta kada iskar ta zube. Ya ce nauyi. Nauyi! Abin da bai kai nauyin carbina ba. Ranar da ruwa ya ja shi ya yi nisa da jirgi, sai da idona ya yi ja kafin na tsinto shi, yana ɗaga abin nan kamar mai nuna karas.

Kuma kowannensu sai na maimaita masa: igiya ta fi zurfin wurin tsawo, amma kada ta yi yawan da za ta naɗe ƙafa. Kada ka ɗaura ta a jikinka. Ka riƙe a hannu, yadda idan farfelar jirgi ta kama ta za ka saki. Su ce to. Ka juya baya, su ɗaura a ƙugu.

Amma duk waɗannan, da an haɗa su an tara, ba su kai Bakur ba.

Shi awwamarsa jarka ce. Farar jarkar man girki, da wani tsumma shuɗi a hannunta, da igiya a ƙugunsa. Haka ubansa ya yi, haka shi ma yake yi. Abin da ya sa wannan ya fi haɗari a tekunmu, masunta ma da jarka suke alamta wuraren da suka nutsa kejin kamun kifi. Duk direban da ya tashi a gaɓar nan, idan ya ga jarka tana yawo, abin da zuciyarsa ke gaya masa shi ne keji ne a ƙasa, ƙarfe da kifi. Ba ya rage gudu don keji. Iyakarsa ya goce kaɗan don igiya, wani ma ba ya gocewa.

Albashina na farko da ya yi kauri, na sayi awwama mafi kyau a shagon, na ɗinka mata tuta da hannuna, na sa waya, na sa dalma, na rubuta sunansa a jiki da rubutun allo mai kauri yadda aka koya mana. Na kai masa gida bayan sallar Juma'a. Ya karɓa, ya juya ta, ya karanta sunan, ya ce masha Allah, hannuna yana da kyau. Sannan ya miƙo min.

"Esh hada, mene ne wannan, Iliya? Biki za ni?"

"Ruwa za ka. Don a gan ka."

"Kifi ma ya gan ni? Ni ba baƙo ba ne. Duk direban da ke Abhur ya san jarkata."

"Jarkarka da ta masunta uwa ɗaya uba ɗaya."

"Tawa tana da tsumma."

"Bakur, wa zai ga tsumma yana gudu?"

Sai ya gyara zama, ya zuba min shayi, ya yi murmushin nan da na tsana. "Gaya min, ya shaikh. Ranar ruwa, da me aka fitar da kai? Da tuta?"

Na shanye shayina na ɗauko kayata na dawo.

Haka muka yi shekara da shekaru. Na bi ta wurin matarsa, Hajiya Zainaba, ta ce ita ta gaji, in na iya da shi in ɗauke shi gaba ɗaya. Na bi ta wurin limamin masallacinmu, ya yi masa nasiha a kan cewa jiki amana ne, kuma ɗaukar sababi ba ya kore tawakkali. Bakur ya ce sadaƙta, ka yi gaskiya ya Maulana, shi ya sa yake ɗaukar jarka. Na ce to bari in shafa mata fenti mai ruwan lemo kawai. Ya ce fenti yana wari, kifi zai gudu. Mutumin da ba kifi yake kamawa ba! Wata rana na ɓoye jarkar a bayan shago. Kafin azahar ya je gidan abincin 'yan Yaman ya karɓo wata, ya yaga gefen tsohon zanensa ya ɗaura mata. Na rasa yadda zan yi, sai na ajiye awwamar tasa a jirginmu, ƙarƙashin benci. Duk wata nakan fito da ita in wanke da ruwan daɗi, in duba ko tana sace iska, in mayar. Rayyis yana kiranta amaryar da aka fasa.

Sannan shekarar annoba ta zo, aka rufe teku kamar yadda aka rufe komai. Jirage suka tsaya a ɗaure, gindinsu ya yi gansakuka. Ni na koma ɗinka takunkumin fuska a ɗaki, da shi muka ci abinci. Robobin awwama da ke shago zafi ya manne su, da muka buɗe rabi sun tsage a wurin naɗi, sai zubarwa. Ku riƙe wannan ma: ba a ajiye awwama a naɗe cikin zafin Jidda, a ɗan bar mata iska a rataye ta a inuwa. Bakur kuwa zaman ya fi cinsa, don shi kullum sai ya shiga ruwa yake samun na cefane. Da aka buɗe, ya fito da yunwar aiki, duk inda aka ce anga ta maƙale yana can, har wuraren da da ba ya zuwa.

Kuma tekun da aka buɗe ba wadda aka rufe ba ce. Duk wanda ya gaji da zaman gida ya fito ya yi hayar jirgi ko babur ɗin ruwa. Sababbin fuskoki, sababbin hannuwa. Direbobin da Bakur ke taƙama sun san jarkarsa, wasu sun koma ƙasashensu, wasu sun tsufa.

Wata Asabar da la'asar muna ɗaure a wajen bakin mashigar ruwan Abhur, mutanenmu suna ƙasa, tutarmu mai fari da shuɗi tana sama. Tun da farko Bakur ya wuce mu a ƙaramin kwale-kwalensa, ya ɗaga hannu, ya ce wani ya bar anga a gefen murjani. Ya ɗaure kwale-kwalen can inda ruwa ba zurfi, ya iyo da jarkarsa. Ina ganinta daga inda nake, ba nisa sosai, tana ɓuya cikin farin taguwa. A gabanta kuma, a jere, akwai jarkokin masunta.

Sai ga wani farin jirgi mai gudu, cike da samari, kiɗa har yana iso mu. Na ga sun zagaye jarkar farko, suka yi ihu. Suka karkata suka zagaye ta biyu ta ɗaya gefen. Wasa suke yi da su, suna saƙa tsakaninsu. Na bi layin da ido, na ga inda zai ƙare.

Na ce, "Rayyis, Bakur!"

Ya danna ƙaho, muka ɗaga hannuwa, muka yi ihu. Ina! Rana tana idonsu, kiɗa yana kunnensu. Kuma Rayyis ba zai tayar da inji ba alhali mutanensa suna ƙarƙashin jirgi, ko ɗansa ne a can. Wannan doka ce da ba a taɓa ta.

Ban san lokacin da na jawo amaryar daga ƙarƙashin benci ba. Rigar ceto tana jikina, kullum da ita nake aiki. Na kafa tutar a raminta, na yi bisimilla, na faɗa. Duk shekarun nan iyon da na koya bai wuce na kare ba. Na kwanta a kan awwamar da ƙirji, ina harba ƙafa, ina shan gishiri, ina nufar jarkar. Da na ga ba zan kai ba, sai na zare sandar tutar na ɗaga ta sama iyakar tsawon hannuna, ina kaɗawa. Jirgin ya zagayo jarkar masunta ta ƙarshe, ya miƙe. Na ga bakinsa ya taso sama, yana zuwa. Na yi kalmar shahada.

Allah ya sa wani daga cikinsu ya ga jan. Na ji ƙarar injin ta faɗi, jirgin ya karkace, amma gudun ya riga ya yi yawa. Ya goce mini, ya bi ta kan jarkar. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Taguwarsa ta kifar da ni.

Da na ɗago ina tari, sai na ji an riƙe min wuyan riga ta baya.

"La haula! Iliya? Wa ya jefo ka?"

Bakur ne, tabarau a goshi, yana haki. Ashe ya sami angar, ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaura mata don ya alamta wurin, numfashinsa ya ƙare, ya kama hanyar tasowa ta bin igiya kamar kullum. Sai ya hango ƙafafu biyu can gefe suna harbe-harbe, ya ce wani ne ke nutsewa, ya saki igiyar ya nufo ni. Da ya bi igiyarsa, da kansa da jarkar tare za su fito.

Na nuna masa da hannu, don ba ni da numfashin magana. Jarkar tana yawo gida biyu, tsumman yana maƙale a ɗaya. Ya dube ta. Samarin sun dawo a hankali, kiɗa a kashe, fuskokinsu sun yi fari, suna ta "asifin, yi haƙuri ya ammi, wallahi mun ɗauka keji ne." Ya ɗaga musu hannu kawai. Ya ɗora ni a kan awwamar, ya kama igiyarta, ya ja ni zuwa jirginmu, yana faɗa duk hanya: tsoho da ni, ban iya ruwa ba, ina da 'ya'ya, wane irin hauka ne wannan. Da Rayyis ya jawo ni sama, Bakur ya riƙe matakala ya ce, "Ka shaida, ya Rayyis. Sau biyu ke nan ina fitar da shi."

Wallahi da ina da ƙarfi da na buga masa sandar tutar.

Kwana biyu ban gan shi ba, har a masallaci. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai je gidan abincin 'yan Yaman ya karɓo ta uku, kuma ni na gama, ba zan ƙara buɗe baki ba. Ranar da ya zo ina kan keke, bayan la'asar. Ya yi sallama, ya ajiye rabin jarkar a kan teburina, a kan yadin mutane, da jiƙarta da yashinta.

"Ɗinke min."

"Ba a ɗinke jarka."

"To wane irin tela ne kai?"

Ya ja kujera ya zauna, ya zuba wa kansa shayi. Ya daɗe yana shafa bakin yankan da yatsa, inda farfela ta bi. Yankan sumul, kamar da reza.

"Zainaba ta gani," in ji shi. "Ta ce ko in karɓi abinka ko in nemi wurin kwana."

"Ashe dai Hajiya ce, ba ni ba."

"Ina take, amaryar?"

Na ɗauko ta daga bayan ƙofa. Na riga na wanke ta, na miƙe wayar da ta lanƙwashe. Ya duba dalmar, ya matsa jikin ya ji ko tana sace iska, ya ja maɗauran da ƙarfi kamar mai neman aibi. Rubutun sunansa ya ɗan koɗe. Ya ce in sake bi da alƙalami, na bi. Na ce igiya a hannu, ba a ƙugu ba. Ya ce kada in koya masa ruwa. Na ce a hannu. Ya ce tayyib, ya ji, a hannu.

Ya miƙe, ya rungume ta a hammata, tutar tana taɓa rufin shago. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Iliya. Maganar ranar ruwa. Tun shekarar nan kana kallona kamar wanda na ba ka aron rai. Na gaji da wannan kallon. Ai ka riga ka mayar. Khalas, an gama, ba na bin ka komai."

Na ce, "Na biyun fa, da ka sa Rayyis ya shaida?"

"Wannan ja ne kawai. Kyauta."

Ya fita ya bar min rabin jarkar a kan tebur. Na kira shi ya ɗauki kayarsa, ya ce ba tasa ba ce, shi mai tuta ne. Ita ce wannan da kuke cika min da ƙwallon dabino. Wanda ya jefa na ƙarshe ya tashi ya zubar, ya ɗauraye ta, ya mayar da ita inda ya same ta.